An Ce Yana Cikin Kasafi, To Ina Aikin? Tambayoyi da Amsoshi Kan Manyan Ayyukan Gwamnati a Karkara

Na yi shekaru ina riƙe da littafin ƙungiyar ci gaban garinmu, wani ƙauye a gabashin Jigawa. Ni ne mai rubuta wasiƙa, ni ne kuma mai hawa motar kasuwa in kai ta Dutse. A wannan zirga-zirgar na tsinci ɗan abin da na sani game da yadda gwamnati ke tsara hanya da gada da burtsatse da ajin makaranta. Tambayoyin nan su aka fi yi mini, wasu a dandali bayan sallar Isha'i, wasu a wajen ɗaurin aure, wasu ta waya daga 'yan'uwa a ƙauyukan Kano. Na bar su kusan yadda aka yi su.

Malam, mene ne "manyan ayyuka" da muke ji a rediyo duk ƙarshen shekara?

Kasafin kuɗi gida biyu ne. Akwai na yau da kullum: albashi, fansho, man mota, takardun ofis, kuɗin wuta. Akwai kuma na manyan ayyuka, wato abin da za a gina ko a saya ya daɗe ana mora: hanya, kwalbati, asibiti, madatsar ruwa, taransifoma, tarakta. A gidanka ma haka ne. Cefane daban, sayen shanun huɗa daban. Sai dai ka riƙe wannan, don za mu dawo kansa: san huɗa da ka saya sau ɗaya, kullum sai ya ci harawa.

Shekarar kasafi daga Janairu take zuwa Disamba. Gwamna ke kai ƙuduri gaban majalisar dokoki, mai mambobi 40 a Kano, 30 a Jigawa. Su tattauna, su yi gyara, su amince, ya sa hannu ya zama doka.

Daga ina kuɗin ke fitowa?

Mafi yawa daga Abuja. Duk wata kwamitin rabon arzikin ƙasa, FAAC, yana zama ya raba abin da ya shiga asusun tarayya. Bayan an cire kashi 13 cikin 100 na kuɗin mai ga jihohin da ake haƙo shi, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Harajin VAT da nasa tsarin rabon. Sai harajin cikin gida da jiha ke tarawa, sai tallafi, sai bashi.

Abin da mutane ba sa lura da shi: ranar 1 ga Janairu kuɗin nan ba sa cikin baitulmali. Kirdado aka yi, kamar manomi ya dubi gero yana ɗaukar ciki ya ce zan sami dami ɗari. Wata-wata suke shigowa, in sun shigo. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kason jihohi ya ƙaru sosai a lissafin naira, amma siminti da rodi da gas ɗin gireda su ma ba su tsaya jiran kowa ba.

An karanto sunan hanyarmu a rediyo, har muka yi walima. Shekara ta ƙare ko tifa ɗaya ba mu gani ba. Ƙarya aka yi mana?

Wataƙila ba ƙarya ba ce, Baba. Shigar aiki cikin kasafi izini ne kawai: majalisa ta yarda a kashe kuɗi kaza a kan abu kaza, in an samu, in kuma an ga dama. Tsakanin wannan layin rubutu da jar ƙasar da za a zube a bakin garinku akwai ƙofofi da yawa. Injiniyoyin ma'aikata su zo su auna, su fitar da ƙiyasi. Kwamishina ya rubuta takardar neman amincewa. In kuɗin sun yi yawa sai majalisar zartarwa ta zauna a kai. A tallata kwangila, hukumar tantance kwangiloli ta duba farashi, a zaɓi ɗan kwangila, a rattaba hannu. Bayan duk wannan sai a jira ofishin Akanta Janar ya saki kuɗi. A kowace ƙofa fayil na iya kwana, ya yi wata, ya yi shekara, musamman in babu mai bin sawunsa.

In kuɗi suka yi ƙaranci kuma, albashi ake fara biya, domin ma'aikaci yana da baki da ƙungiya. Hanyar da ba a gina ba ba ta yajin aiki. Shi ya sa duk shekarar da kirdado ya ƙi ci, ɓangaren manyan ayyuka ke shan wuƙa.

Akwai kuma wata dabara da ya kamata ku sani. Aikin da zai ci biliyoyi sai a sa masa ɗan abin da ko share fili ba zai yi ba, don dai sunan ya fito a kwantar da hankalin masu ƙorafi. Kwalbatin da ke tsakaninmu da fadama sau uku a jere na ga sunanta a kundin kasafi. Shekara ta farko muka yanka akuya. Ta biyu muka yi addu'a kawai. Ta uku na je na tambayi wani injiniya nawa aikin zai ci, na kwatanta da abin da aka rubuta, sai na ga ko kwata bai kai ba. Tun daga nan in aka ce mini "yana cikin kasafi", tambayata biyu ce: nawa aka sa, nawa kuma aikin ke ci?

Kuma izinin na shekara ɗaya ne. In Disamba ta wuce ba a yi ba, sai an sake saka shi a sabon kasafi, ko an tsawaita wa'adin tsohon.

To wa za mu tara da maganar? Kansila, ciyaman, ko ɗan majalisa?

Ku fara sanin mai abin. Mun taɓa ɓata kusan shekara muna sintiri a sakatariyar ƙaramar hukuma kan abin da ba nata ba ne, kuma babu wanda ya ce mana mun yi ɓatan kai. Shayi kawai ake ba mu.

Manyan titunan da suka haɗa jihohi, kamar na Kano zuwa Maiduguri da ya bi ta Wudil da Shuwarin, ko na Kano zuwa Daura ta Kazaure, na tarayya ne, hukumar gyaran titunan tarayya, FERMA, ke facinsu. Na jiha suna ƙarƙashin ma'aikatar ayyuka, da hukumar gyaran hanyoyi, KARMA a Kano, JIRMA a Jigawa. Kasuwa, tasha, mayanka, maƙabarta, magudanar ruwa da ƙananan hanyoyin cikin gari, tsarin mulki ya ɗora su a kan ƙaramar hukuma. Ginin firamare yawanci ta hannun hukumar ilimin matakin farko ta jiha, SUBEB, yake bi, kuma kuɗin takwararta ta tarayya, UBEC, ba sa fitowa sai jiha ta ajiye nata kason daidai da shi. Madatsar Tiga da ta Challawa da manyan hanyoyin ruwan noman rani na Kadawa da Auyo suna hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ita ma ta tarayya.

Batun ƙananan hukumomi, 44 a Kano, 27 a Jigawa, yana da sarƙaƙiya. Shekara da shekaru kasonsu ta asusun haɗin gwiwa da jiha yake bi. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba su kai tsaye. Ku tambayi ciyaman ɗinku a bainar jama'a, cikin ladabi, nawa ya shigo hannunsa a watan jiya. Amsar da ya bayar, ko shirun da ya yi, zai nuna muku ƙofar da za ku ƙwanƙwasa.

Yaushe ya kamata a kai buƙata?

Kafin a ɗaure kaya. Mutanenmu sukan tashi da wasiƙa a watan Janairu, bayan sun ji an sa hannu, alhali a lokacin kasuwa ta watse. Galibi tun tsakiyar damina ma'aikatar kasafi ke aika wa sauran ma'aikatu takarda cewa kowacce ta kawo tsarinta, tare da iyakar abin da ba za ta wuce ba. Akwai ma tsarin kashe kuɗi na shekara uku da ake fara yi kafin na shekara. Daga Oktoba zuwa Disamba ake kai wa majalisa. Saboda haka wasiƙarku ta isa tun Yuli ko Agusta, kwafi ga ma'aikatar da abin ya shafa, kwafi ga ɗan majalisarku na jiha, kwafi ga ƙaramar hukuma, kowanne a buga muku hatimin karɓa. In an kira taron jin ra'ayin jama'a kan kasafi ku je. A Jigawa akwai shirin Gwamnati da Jama'a da Gwamna Umar Namadi ya ɓullo da shi don zagaya ƙananan hukumomi. Nan ma wurin miƙa takarda ne.

Kuskuren da muka yi da farko shi ne haɗama. Wasiƙarmu ta farko buƙata goma sha huɗu ke ciki, har da filin ƙwallo. Wani tsohon ma'aikaci ya karanta, ya cire tabarau ya ce, "Ɗana, wanda ya roƙi komai bai roƙi komai ba. Wanne ne in ba a yi ba mace za ta mutu a hanya?" Muka koma muka zauna da dagaci da liman da matan gari, aka tsaya a kan kwalbati. Muka auna faɗin kwarin da igiya, muka lissafa ƙauyukan da ke bi ta nan ranar kasuwa, muka ɗauki hoton amalanke ta kafe a cikin Agusta. Wannan takardar ce aka fara amsawa.

Ɗan kwangila ya kawo yashi da bulo, ya yi sati biyu ya ɓace. Ya cinye kuɗin ke nan?

Yana yiwuwa. Yana yiwuwa kuma shi ke bin gwamnati. Ana ba ɗan kwangila kafin alƙalami don ya fara; a dokar tarayya ta 2007 kashi 15 cikin 100 ne iyaka, daga baya aka ɗaga zuwa 30, jihohi kuma kowacce da dokarta. Sauran kuɗin sai ya yi aiki, injiniya ya auna ya ba da takardar shaida, sannan a biya. In takardar ta maƙale wata shida, mai ƙaramin jari dole ya kwashe lebura. In farashin siminti ya ninka kafin a biya shi, sai ya nemi a sake duba kwangilar, wannan ma sabon fayil ne.

Ga kuma damina. Kuɗin da aka saki a Yuni ba za su zama hanyar burji ba sai Oktoba, don ba a daddaɓe jar ƙasa cikin ruwa.

Amma akwai wanda tun asali ba ɗan kwangila ba ne. Sakayyar siyasa aka yi masa, ya sayar da takardar, wanda ya saya ya sake sayarwa, har ta iso hannun mai aikin gaske da rabin kuɗi. Irin wannan ginin ake gane shi daga bulo: ka murza da yatsa ya zube.

Me ya sa sabuwar gwamnati ke barin aikin tsohuwa ta fara nata?

Domin allon buɗe aiki sunan wanda ya fara ake tunawa. Mutanen Kano sun ga haka a titunan kilomita biyar-biyar da aka fara a ƙananan hukumomi lokacin mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015. Da yawa sun yi shekaru ba a kammala ba. A ganina babu asarar da ta kai ta aikin da aka bari a rabi, don kuɗin sun tafi, amfanin bai zo ba, ruwan sama kuma yana cin abin da aka zuba. In ɗan takara ya zo, kafin ya yi muku alƙawarin sabo ku nuna masa kangon da ke bayan gari.

An gina mana ɗakin shan magani mai kyau, shekara biyu ke nan a rufe. Burtsatsen sola kuma ya tsaya. Wannan fa?

Nan ne gizo ke saƙa, kuma in da abu ɗaya za ku ɗauka daga duk bayanin nan, to wannan ne. Ku tuna san huɗa da harawa. Gini yana cikin kasafin manyan ayyuka. Amma ma'aikaciyar jinya, magani, mai gadi, gyaran famfo, canjin batir, duk suna ɗaya gidan, na yau da kullum, sau da yawa ma a hannun wata hukuma daban da wadda ta yi ginin. Ɗan majalisar tarayya ya kawo ginin asibiti, amma ɗaukar ma'aikaci na hukumar lafiya matakin farko ta jiha ne, ita kuma ba a shawarce ta ba, ba ta san da zamansa ba. Sai a yanke ƙyalle, a yi tafi, a rufe ƙofa.

Na shiga irin wannan ɗakin a wani ƙauye kusa da mu. Gadaje huɗu har yanzu da ledarsu. Jemagu sun cika silin, kashinsu ya yi tudu a kan teburin awo, wata akuya ta haihu a baranda. A bayan ginin ga tankin ruwa a sama, fanel shida na sola suna sheƙi, famfo ko ɗigo. Abin da ya lalace wata 'yar na'ura ce mai kamar akwatin rediyo, kuɗinta bai kai na tunkiya biyu ba. Wata tara 'yan mata na wucewa ta gabansa da jarkoki a baro zuwa tsohuwar rijiya, kowa na jiran gwamnati, gwamnati kuwa a littafinta an rubuta "an kammala".

Dubi manyan ma haka suke. Madatsar Tiga tun zamanin Audu Baƙo aka gina ta, a farkon shekarun 1970, ita ke shayar da shinkafar Kura da tumatirin Kadawa. Amma hanyoyin ruwan sun yi shekaru suna cikewa da laka da ciyawa har sai da aka ciyo bashin Bankin Duniya, ƙarƙashin shirin TRIMING, aka yi musu gyaran gaske. A kwarin Haɗeja kowa ya san yadda ciyawar kacalla ke toshe kogi, ruwa ya bar hanyarsa ya shiga gonaki da gidaje, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022. Yashe kogi aiki ne na kowace shekara, ba shi da ranar buɗewa, ba a kiran maroƙa. Shi ya sa yake wuyar samun mai so.

Saboda haka ranar da aka zo aza harsashi, bayan godiya, ku tambaya: wa zai turo ma'aikaci, daga wane asusu? In ya lalace wa za mu kira? A ɓangaren lafiya akwai asusun BHCPF da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, wanda ke tura kuɗin gudanarwa kai tsaye ga zaɓaɓɓun cibiyoyi, galibi ɗaya a kowace mazaɓa. Ku bincika ko taku na ciki. Na ruwa kuwa, garuruwan da na ga famfonsu ya daɗe su ne masu kwamitin ruwa da ke karɓar ɗan abu a kan kowace jarka, a ajiye a hannun amintacce. A namu garin wata dattijuwa ce ma'aji, a gwangwanin madara take tarawa, kuma ko dagaci bai isa ya ranta ba.

Aikin mazaɓu da Onarabul ya kawo, daga aljihunsa ne?

A'a, Hajiya. Kuɗin gwamnati ne, naku. Ɗan majalisa yana ba da sunan aiki da wuri, a saka a kasafin wata ma'aikata ko hukuma, ita ce a doka ke ba da kwangilar. A matakin tarayya an daɗe ana ware naira biliyan 100 duk shekara don wannan. Tun 2019 hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ke bin diddigin irin waɗannan ayyuka, kuma ta sha tilasta wa 'yan kwangila komawa bakin aiki. Ku gode masa in ya yi ƙoƙari, amma kada kunya ta hana ku duba ingancin bulo.

Gwamnati ta ci bashi don yin aiki, daidai ne?

Ya danganta da abin da aka yi da shi. Bashin da aka gina hanyar da za ta yi shekara ashirin tana fitar da riɗi da zoɓo daga Maigatari ko Gumel yana da hujja, tunda waɗanda za su biya su ma za su hau. Bashin da aka ci aka yi biki ko aka raba babura, jikoki za su biya abin da ba su gani ba. Ana cire biyan bashin waje daga kason jiha tun a Abuja, kuma da dala ake lissafinsa, don haka duk faɗuwar naira ƙarin nauyi ce. Masu tambaya kan riba: tun 2017 gwamnatin tarayya ke fitar da Sukuk, wato takardun bashi marasa riba, na farko naira biliyan 100, don gina tituna, kuma titin Kano zuwa Maiduguri na cikin waɗanda suka amfana.

Hanya ta bi ta tsakiyar gonata. Ina da haƙƙi?

Kana da shi. Dokar filaye ta 1978 ta ba gwamnati ikon karɓar fili don amfanin jama'a, amma da diyya a kan abin da ke kansa: amfanin gona, itatuwa, gini, rijiya. Ranar da masu ƙiyasi za su zo ka tsaya da kanka, da mai unguwa, a ƙirga kowace ɗorawa da kuka da mangwaro a gabanka, ka ɗauki hoto kafin gireda ta shiga. Bayan ta wuce babu shaidar da ta rage.

Ni ba ɗan boko ba ne sosai. Ta yaya zan ga kasafin da idona, in kuma bi sawun aiki?

Kano da Jigawa duk suna saka kasafinsu a intanet, da rahoton abin da aka kashe duk wata uku, da taƙaitaccen bayani don talakawa. Kundin yana da kauri, amma ɗalibin sakandare mai waya zai iya sauke shi ya nemo sunan garinku cikin minti kaɗan. Rahoton wata ukun ya fi kasafin kansa faɗin gaskiya, don shi ke nuna nawa aka saki. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa wasiƙar neman bayani. Akwai kuma Tracka, na ƙungiyar BudgIT, masu bin ayyuka ƙauye-ƙauye.

In aiki ya fara, ku ɗauki hoton allon: sunan aiki, hukumar da ta bayar, kamfani. Ku naɗa mutum biyu, ɗaya magini, su riƙa leƙawa. Su ƙirga bulo nawa ake bugawa da buhu ɗaya, su ga zurfin harsashi kafin a rufe, su ga kaurin rodi kafin a zuba kankare, don bayan an shafe da fenti kowane gini kyakkyawa ne. Kada su yi faɗa da lebura. Injiniyan da ke duba aikin za su kira, su kuma rubuta.

Sannan ku sani ba a biyan ɗan kwangila duka ranar da ya gama. Akan riƙe wani kaso, galibi biyar cikin ɗari, na wata shida ko shekara, don in wani abu ya lalace ya dawo ya gyara. Kwalbatinmu, da aka yi ta a shekara ta huɗu, damina ta farko ta zaizaye gefenta na yamma. Muka kai hoto da wasiƙa tun wa'adin bai cika ba. Bayan sati uku sai ga tifa biyu na dutse da magina huɗu, ɗan kwangilar da kansa yana tsaye a kansu, fuska a murtuke.